Ido Ba Mudu Ba Ne: A Daina Yanke wa Direba Hukunci a Bakin Gada

Tsakanin Khartum da Umdurman Farin Nilu ne, tsakanin Khartum da Bahri kuma Shuɗin Nilu, don haka direban da ke neman abincinsa a waɗannan garuruwa uku ba shi da makawa sai gada. Mai hafila, wato bas, da ya ɗebo fasinja daga tashar Shuhada, mai ƙaramar motar haya ta amjad da ya kwaso kaya daga Kasuwar Libiya, mai tasi da ke komawa Kalakla bayan isha'i, kowa ta nan zai bi. Inda gada take kuwa, nan shinge yake. Jami'i ya ɗaga hannu, ya dallare maka fuska da tocila, ya leƙa ƙwayar idonka, ya matso da hancinsa ya ce ka yi magana. Kafin minti ɗaya ya cika ya gama yanke shawara a ransa: wannan lafiyarsa lau, wancan ya sha.

Wannan minti ɗaya shi ke ƙona mini rai. Kallon jami'i da shinshinarsa ba su kai hujjar da za a ƙwace wa mutum lasisi da ita ba, balle a kwana da shi a ofishin 'yan sanda, a tsayar da shi gaban alƙali, a zubar masa da mutunci a unguwa. Ƙasar da ta ɗora wannan nauyi a kan ido da hanci ta zalunci direbobinta, ta kuma zalunci waɗanda mashaya ke bankewa a hanya, domin idon da ke kama mai gaskiya shi ne dai yake sakin mai laifi. Wanda ya sha giyar aragi ya kama sitiyari ba ya da uzuri a wurina ko na ƙwayar zarra. So nake a yi masa kamun da ba lauyan da zai iya kwancewa, kuma irin wannan kamu da awo ake yin sa.

A Sudan kalmar "ya sha" ta fi nauyi fiye da a yawancin ƙasashe. A watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numeiri ya kafa dokokin shari'a, aka kwashi kwalaben giya aka tuttular a kogin Nilu a Khartum. Dokar laifuka ta 1991, a sashe na 78, ta yanke wa Musulmin da ya sha giya bulala 40. Dokar shaida ta ƙasar kuma ta yarda wari ya tabbatar da laifin, idan adilai biyu suka shaida, ko ƙwararre ya rubuta cewa warin na giya ne. Shekara da shekaru kotunan Nizamul Am, wato na kiyaye tsarin jama'a, suna yanke irin waɗannan shari'u a gurguje, sau da yawa ba lauya, a yi hukunci a zartar da bulala kafin rana ta faɗi. An soke dokar Nizamul Am a Nuwamban 2019 bayan faɗuwar Umar al-Bashir. A Yulin 2020 gyaran da ministan shari'a Nasruddin Abdulbari ya sanar ya ba wanda ba Musulmi ba damar shan abinsa a keɓe, amma haramcin da ke kan Musulmi yana nan daram.

Ke nan direban da jami'i ya yi wa mummunan karatu a Khartum tuhuma biyu ce ke jiransa, ta dokar hanya da ta haddi. Ta ukun ba a rubuta ta a kowane littafin doka ba, ita ce kuma ta fi daɗewa. Magidancin da aka ce an kama shi da maye, labarin yana riga shi isa gida. Mai motar da yake ja zai karɓe makullinsa. Gidan da ɗansa ke neman aure za su sake shawara. Ko kotu ta wanke shi bayan wata guda, wa zai bi gida-gida yana sanar da wankewar? Hukuncin da ba ya gogewa haka, da wace fuska za a gina shi a kan "na ga idonsa ya yi ja"?

Na san amsar da masu son zamani za su kawo. Za su ce a horar da jami'ai irin horon Amurka, a koya musu gwajin ido na kimiyya, shi ke nan magana ta ƙare. To mu duba wannan gwaji da kyau, tunda shi ne iyakar abin da ido zai iya yi a bakin hanya. Jami'i yana riƙe biro ko yatsa kimanin santimita 30 zuwa 38 daga hancin direba, ya ce masa kada ya motsa kai, ya bi biron da ido kawai. Abin da yake nema shi ne fizgar da ƙwayar ido ke yi idan ta karkata gefe, domin giya tana taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe ido ya tsaya cak. Alamu uku ake dubawa a kowane ido: ko ƙwayar tana bin biron sumul ko tana tsalle-tsalle, ko tana fizga idan an kai ta ƙarshen gefe an riƙe ta aƙalla daƙiƙa 4, ko fizgar ta fara tun ido bai karkata digiri 45 ba. Shida ke nan a ido biyu. Wanda aka ga huɗu a gare shi, an ɗauka ya wuce ma'aunin doka.

Giya tana kawo wannan fizga, ba mai musu. Tambayar ita ce sau nawa jami'i ke dacewa. Hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ita ta ɗauki nauyin binciken da Marcelline Burns da Herbert Moskowitz suka yi a Kalifoniya a 1977. A wannan binciken, kusan rabin mutanen da jami'ai suka ce da a hanya ne da sun kama su, ba su kai ma'aunin doka na lokacin ba. Aka gyara tsarin, aka sake gwadawa a 1981, aka sami gwajin ido yana dacewa kashi 77 cikin 100, tafiya a kan layi kashi 68, tsayuwa da ƙafa ɗaya kashi 65. A 1998 aka yi wani a birnin San Diyego, aka fito da lambar da masu gabatar da ƙara suka fi so, kashi 88. Amma a buɗe cikin lambar a gani. Yawancin direbobin da aka tsayar a wannan binciken dama sun wuce ma'auni, gane su ba wuya. Waɗanda ba su kai ma'aunin ba su 81 ne, kuma 30 daga cikinsu gwajin ido ya nuna su a matsayin waɗanda suka wuce. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen da doka ba ta kama ba, ido ya kama su. Wannan fa a hannun jami'an da aka horar, suka kuma san ana bibiyar aikinsu.

Kotunan Amurka ma kansu ba su haɗu a kan wannan gwaji ba. Kotun ƙoli ta jihar Arizona ta karɓe shi a 1986, amma ta hana a yi amfani da shi wajen faɗin yawan giyar da ke cikin jini. Jihohi da yawa sun bi wannan hanya, suna karɓarsa da sharuɗɗa. Kotun ƙoli ta Kansas ta ƙi amincewa da shi a 1992 sai an kawo hujjar ingancinsa, a 2015 kuma, a shari'ar birnin Wicita da Molitor, ta kwatanta amincinsa a jihar da na kayan duba na wasa, ta ce ko dalilin neman direba ya busa na'ura bai isa zama ba. Wata kotun ɗaukaka ƙara a Merilan, a shari'ar Schultz ta 1995, ta jero abubuwa 38 da ke iya sa ƙwayar ido ta yi wannan fizga ba tare da giya ba. A cikinsu akwai ciwon can cikin kunne, jiri, mura, farfaɗiya, hawan jini, bugun rana, gajiyar ido, rauni a ka, har da yawan shan gahawa da taba.

Yanzu a ɗauki wannan jeri a shimfiɗa shi a kan Khartum ta yau. Birnin da yaƙi ya ɓarke a cikinsa ranar 15 ga Afrilun 2023, aka shafe kusan shekara biyu ana luguden wuta kafin sojoji su karɓe fadar shugaban ƙasa a Maris na 2025. Ƙarar fashewar bam tana lalata sashen cikin kunne da ke riƙe daidaiton jiki, kuma daga wannan sashen ido ke karɓar umarni. Mutum nawa ne a Umdurman da Bahri bam ya fashe kusa da su, ba su kuma taɓa ganin likitan kunne ba? Mutum nawa ɓaraguzai suka faɗo wa a ka? Masu farfaɗiya da ke shan fenitoyin ko karbamazefin, likitoci sun san magungunan nan suna kawo fizgar ido irin wadda jami'i ke nema sak. Zabiya tun yana jariri yake da wannan fizga. Akwai ma mai lafiya garau da idonsa ke ɗan fizga idan an kai shi can ƙarshen gefe an daɗe ana riƙe da shi.

Ga kuma yunwa. Dubban iyalai a Khartum da Umdurman sun rayu wata da watanni a kan abin da takaya, wato ɗakunan girkin unguwa na sa-kai, ke rabawa, wani lokaci sau ɗaya a wuni. Doguwar yunwa tana ƙarar da bitamin B1 a jiki, ƙarewarsa kuma tana kawo cutar da likitoci ke kira Wernicke. Alamunta uku ne: rawar ƙwayar ido, tangaɗi a tafiya, da rikicewar tunani. A sake karanta su. Su ne alamun da jami'i zai rubuta ya ce maye ne. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi, harshensa yana nauyi, yana gumi, yana layi. Wanda sugansa ya hau don ya rasa insulin, numfashinsa yana fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi da hanci ke iya ɗauka na abin sha ne. Waɗannan mutane gadon asibiti suke buƙata cikin gaggawa. A kulle su a ɗaki ana jiran wai giya ta sake su, gawa za a iya tararwa da safe.

Jan ido kuwa, wannan ko a bakin yara bai kamata ya zama hujja ba a garin habub. Guguwar ƙurar da ke rufe Khartum a farkon damina tana barin kowa da jan ido. Zafin Mayu da Yuni yana haura digiri 40. Direban hafila ya fito tun asuba, hayaƙin dizal yana dukansa, bai yi barcin kirki ba, wataƙila ma azumi ya kai. Idan idonsa bai yi ja da ƙarfe goma na dare ba, ai shi ne abin mamaki.

Ko da jikin direba lafiya lau yake, wurin gwajin kansa yana ɓata gwajin. Littafin horon Amurka ya gargaɗi jami'i ya juyar da fuskar direba daga fitilun da ke walƙiya da motocin da ke wucewa, domin ido yana fizga da kansa idan abubuwa na gilmawa a gabansa, kamar yadda idon mai leƙen tagar jirgin ƙasa ke yi. Littafin ya ƙayyade saurin tafiyar biro da nisansa da tsawon lokacin riƙewa, ya kuma faɗa ƙarara cewa idan aka sauya wani abu daga tsarin, ingancin gwajin ya raunana. To a bakin gadar Fitihab da dare, bayan gadar Shambat ta karye tun Nuwamban 2023 motoci sun yi cincirindo a sauran gadoji, fitilu na dallare ido ta kowane gefe, ana ta oda, a ina za a sami wannan natsuwa? Digiri 45 ɗin ma da ido ake ƙiyasta shi, babu ma'auni a hannu. Sannan babu abin da ya rage bayan an gama. Fizgar ta wuce, ba wanda ya gan ta sai mai tuhuma. Alƙali bai gani ba, lauya bai gani ba, shi kansa direban ba ya jin idonsa na yi. Shaidar da mutum ɗaya ne kaɗai ya gan ta, shi ne kuma mai kamu, ta yaya talaka zai ƙaryata ta?

Wani zai ce ai a Sudan ba maganar yawa ake ba, Musulmi ko kurɓi ɗaya ya yi ya karya doka, don haka kuskuren ma'auni bai dame mu ba. Wannan magana ta ƙara rusa gwajin ne. An tsara shi don ƙiyasta ko mutum ya haye wani mataki na giya a jini, ba a taɓa tabbatar da shi a matsayin mai raba wanda ya kurɓa da wanda bai taɓa ba. Wanda ba Musulmi ba kuma, tun 2020 shan kansa ba laifi ba ne a gare shi, abin tambaya a kansa shi ne nawa ya sha kafin ya tuƙa, kuma wannan tambaya lamba ce amsarta. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai ko a kasuwar hatsi, inda aka yi karin maganar, ba mai zaro kuɗinsa sai an auna a gabansa. Abin da ba mu yarda da shi a kan tiyar gero ba, don me za mu yarda da shi a kan bayan ɗan Adam?

Hanci ma bai fi ido ba. Moskowitz da Burns ɗin nan, tare da Susan Ferguson, sun gwada jami'ai 20 ƙwararru a binciken da aka buga a 1999. Aka ɓoye masu shan, suna huro numfashi ta bututu, jami'ai suna shinshinawa. Sun kasa gane wasu da suka sha sosai, ganewar ta ƙara raguwa bayan mutanen sun ci abinci, ƙarfin warin da suka ce sun ji kuma bai yi daidai da yawan giyar da ke jini ba. A ƙasar da ake jiƙa dabino a yi sharbot lokacin babbar salla, abin shan da gidaje masu mutunci ke sha bayan nama, wanda sai an bar shi ya daɗe yake juyewa, wa zai rantse da hancinsa cewa ya san inda halal ta tsaya? Ko an kai mutum asibiti da Ornik 8, takardar da 'yan sanda ke haɗa mutum da ita zuwa wurin likita, idan abin da za a yi masa a can shi ne a shinshina baki, a leƙa ido, a sa shi tafiya a kan layi, to hanci kawai aka sauya, ba a auna komai ba.

Malamanmu na fiƙihu sun riga masu binciken Kalifoniya ganin wannan rami da ɗaruruwan shekaru. Imam Malik ya karɓi wari a matsayin hujja, amma da shaidar adilai waɗanda suka san warin. Imam Shafi'i da Imam Abu Hanifa ba su yarda a tsayar da haddi da wari kaɗai ba. Ibn Ƙudama a cikin al-Mugni ya kawo dalilai: wataƙila mutum ya kai bakinsa yana zaton ruwa ne ya tofar, wataƙila tilasta masa aka yi, wataƙila nunannar kurna ya ci ko ruwan tuffa ya sha, warinsu ya yi kama da na giya. Kurnar nan ita ce nabag da ake tallarta a kasuwannin Umdurman. Sayyidina Umar da ya ji warin abin sha a bakin wani, bai ɗaga bulala nan take ba, sai da ya bincika ko abin da aka sha yana bugarwa, ya tabbatar, sannan ya zartar. Ƙa'idar da malamai suka ginu a kanta sananniya ce: shubuha tana kawar da haddi, kuma shugaba ya yi kuskure wajen yafewa ya fi masa sauƙi a kan ya yi kuskure wajen hukuntawa. Magabata sun yi aiki da hanci ne don shi ke gare su, suka kuma kewaye shi da sharuɗɗa don tsoron Allah. Mu da Allah Ya hore wa abin awo, idan muka ajiye shi muka koma shinshina, ba sunnarsu muka bi ba, lalaci muka bi.

Kuma kowa ya san a kan wa wannan lalaci ke faɗawa. Mai babbar mota mai baƙin gilashi ba a cika leƙa ƙwayar idonsa ba. Wanda ake leƙawa shi ne yaron raksha, wato keke mai ƙafa uku, a lungunan Umbadda, direban haya daga Mayo ko Hajj Yusuf, mutumin da harshensa ya nuna daga Darfur ko Duwatsun Nuba ya fito. A zamanin Nizamul Am, gidan yarin mata na Umdurman ya cika da matan da yaƙi ya koro, waɗanda aka kama da dafa giyar aragi da marisa, alhali manyan da ake kai wa kwalabe har gida suna barcinsu. 'Yan uwanmu Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawansu da ƙarfinsu suke ci a kasuwa da tasha da kan hanya, kuma sun san ɗacin a dube ka a yanke maka hukunci. A Yulin 2022 sai da suka fito titunan Khartum suna neman a bi kadin jinin danginsu da aka kashe a jihar Shuɗin Nilu. A cikin yaƙin nan an yi ta tsare mutane a ƙarƙashin abin da jama'a suka riƙa kira dokar baƙin fuskoki. Ƙasar da ta sha wannan masifa ta hukunta mutum da kamanninsa, bai kamata ta sake ba kallo matsayin shaida ba. Duk inda aka ce maganar jami'i ita ce hujja, an buɗe ƙofar ciniki: direba ya san ba shi da abin kare kansa, mai kamu ya san direba ya sani, sai hannu ya tafi aljihu. Jami'i mai gaskiya ma an cuce shi, domin an bar shi ba abin da zai nuna ya bambanta da maci amana.

Magani ba sabo ba ne. Tun 1954 Robert Borkenstein ya ƙera na'urar gwajin numfashi a Amurka. Norwe ta sa ma'aunin giya a jini cikin dokarta tun 1936. Birtaniya ta daɗe tana dogaro da likitan 'yan sanda yana sa mutum tafiya a kan layi, har ministar sufuri Barbara Castle ta kawo dokar 1967, mai ma'aunin miligiram 80 a cikin mililita 100 na jini da na'urar busawa a bakin hanya. A shekarar farko mace-macen hanya suka ragu da fiye da dubu ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ma'auni ya wuce giram 0.05 a desilita, sabbin direbobi da matasa kuma 0.02. Na'ura tana kama wanda ya saba da sha har idonsa da tafiyarsa ba sa tona shi, wanda shi ne ya fi sulalewa a shingen tocila.

Ban ce na'ura ba ta kuskure ba. Tana buƙatar a riƙa daidaita ta a kan lokaci, a kuma jira minti 15 zuwa 20 kafin busawa don abin da ya maƙale a baki ya gushe. A jihar Masacusets an gano an ɓoye takardun da ke nuna matsalar daidaita na'urori, har kotun ƙoli ta jihar a 2023 ta buɗe wa mutum kusan 27,000 ƙofar neman a sake duba shari'arsu. Wannan labari hujjata ce. Kuskuren na'ura yana barin sawu a takarda, ana iya bin sa bayan shekaru a mayar wa mutane haƙƙinsu. Kuskuren ido ba ya barin komai. Waɗanda aka zane a kotunan Nizamul Am bisa shinshina, wace takarda za a buɗe yau a gane wanda aka zalunta a cikinsu?

Za a ce ƙasar da asibitocinta suka rushe, da wane kuɗi za ta sayi na'ura? Na'urar hannu mai inganci ɗaruruwan daloli ce. Ƙasar da aka sami kuɗin jirage marasa matuƙi da za a yi ta ruguza ta da su, kada a gaya mini an rasa kuɗin abin busawa na gadoji ƙalilan. Yanzu da jama'a ke komowa Khartum, ake sake buɗe ofisoshin 'yan sanda da kotuna, yanzu ne lokacin gyara, tun kafin tsohuwar al'ada ta sake zama da gindinta. Kallon jami'i ya tsaya a matsayin dalilin tsayar da mota da neman a busa, kada ya wuce nan. Kowane shingen dare ya kasance da na'ura mai takardar daidaitawa da lauya zai iya nema ya gani. Wanda na'ura ta nuna, a tabbatar da busawa ta biyu ko gwajin jini cikin sa'o'i kaɗan. A tambayi direba ciwonsa da maganin da yake sha, a rubuta. Wanda ke tangaɗi amma na'ura ta nuna sifili, a auna sugansa, a garzaya da shi asibiti. A ɗauki hoton bidiyon kamun daga farko zuwa ƙarshe, ko da wayar hannu ce. A kuma gyara dokar shaida, wari ya zama dalilin bincike kawai.

Mu ma na gida kada mu ɗauka wa'azin na maƙwabta ne. Dokokin shari'a da jihohin Arewacin Najeriya suka kafa tun daga Zamfara a 2000 bulala 80 suka yanke wa mashayi, ninkin na Sudan. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, tana aiki da ma'aunin 0.05, amma shinge nawa ne tsakanin Kano da Zariya, ko Katsina da Maraɗi, za ka tarar da abin busawa a hannu? Ga kuma ƙwaya da sirof da suka addabi matasan direbobi, waɗanda na'urar giya ba ta ganinsu, sai gwajin yawu ko fitsari ko jini. Duk wanda ke da ikon tsayar da mutum ya ce masa ya sha, ɗan sanda ne ko ɗan Hisba ko jami'in hanya, wannan magana ta shafe shi.

Kira na na ƙarshe ga alƙalai ne, domin su ne za su iya kashe wannan al'ada ba tare da jiran majalisa ba. Ranka ya daɗe, idan aka kawo maka direba, ka tambayi mai gabatar da ƙara lambar da na'ura ta nuna, da ranar da aka daidaita ta, da sakamakon jini. Idan abin da ke hannunsa bai wuce "na ga idonsa" da "na ji warinsa" ba, to zato ya kawo maka, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ka sallami mutumin, ka rubuta dalilinka a fili. Ranar da aka sallami goma a jere saboda rashin awo, a ranar hukuma za ta nemo kuɗin na'ura, mashayi ya rasa mafaka, mai ciwo ya sami likita. Jami'in da ya kawo ƙara zai koma bakin aikinsa, amma sa hannun da ke ƙarƙashin hukuncin naka ne, kai za a tambaya a kansa gobe kiyama.